Haƙƙin Wanda Aka Kaɗe

Duk wanda ya tsaya a Kawo ko shataletalen Mando da sassafe zai ga babura masu aiki biyu: suna bin kwalta cikin gari, sa'an nan su gangara burji zuwa gonaki da ƙauyuka. Babur irin wannan dukiya ce babba, amma da yawa cikin masu shi sun juya lissafinsa, watau suna fara kashe kuɗi inda ya kamata su ƙare.

Sai ka ga mutum ya ƙara fitilu da ƙaho da salansa mai ruri, alhali birkinsa ya cinye, taya ta suɗe, baƙin mai ya wuce lokacin juyewa. Hanyar daji kuwa ba ta duban ado. Ƙura da laka su ke cin sarƙa, ramuka su ke kashe ƙafa. Gyara na gaskiya shi ne birki, da taya mai ƙwari, da hular kwano.

Na biyu kuwa inshora. Tun 1945 doka ta wajabta wa mai abin hawa ya yi tanadin diyyar wanda zai yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta yanka wa babur naira 3,000 a shekara, da biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 1. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka soma tsananta bincikenta. Amma fa a fahimta: wannan takarda ba ta gyara babur ɗin mai ita, haƙƙin wanda aka kaɗe take biya. Mai son a biya shi asarar nasa sai ya yanki cikakkiya, wadda hukumar ta ce kada ta gaza kashi 5 cikin ɗari na ƙimar abin hawan.

Abin takaici, wasu jabu suke saya a gefen titi domin su wuce shinge. Ranar haɗari, jabu ba ta biyan ko ƙwandala. Sai a sayar da babur, wani lokaci har da gona, mai rauni kuma yana kwance.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshorar kamfani ba, yana da mafita: tun 2013 aka fitar da ƙa'idojin takaful, inda jama'a ke tara gudummawa su ɗauke wa juna asara. Saboda haka uzuri ya ƙare. Haƙƙin mutane ba ya faɗuwa don an tsere wa ɗan sanda.

Allah Ya kiyaye hanya, amin.