Mun ji jawabin ɗan majalisarmu, saura a nuna mana ƙuri'arsa

Rubutun na yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin a fara zagina a ƙasa.

Tunda 2027 ta fara ƙaratowa, bidiyon 'yan majalisa ya cika mana waya. Minti biyu ko uku, an yanko daidai wurin da Honorabul ya ɗaga murya a zauren majalisa, an ɗora kiɗa a ƙarƙashi, sojojin baka na bi suna rubuta "zakin majalisa". Ni ban hana kowa yabon gwaninsa ba. Tambaya ɗaya gare ni, kuma na yi ta a majalisar shayi, na yi ta a nan Facebook, ban samu mai amsa ba: bayan an gama jawabin, da aka zo yanke hukunci, ina wakilinmu ya jefa ƙuri'arsa? Eh ya ce, ko a'a, ko ma ba ya cikin zauren?

Babu wanda zai iya nuna maka takarda. Dalili kuwa shi ne kusan komai a Majalisar Tarayya da murya ake yanke shi. Kakaki ya ce masu goyon baya su ce eh, a yi ihu. Masu adawa su ce a'a, a yi ihu. Shi kaɗai zai auna da kunnensa, ya buga guduma, magana ta ƙare. Kundin zaman majalisa da ake kira Hansard yana ɗauke da jawabin wanda ya yi jawabi, amma ba ya ɗauke da sunan wanda ya yi ihun eh da wanda ya yi na a'a. Mutum 360 ne a Majalisar Wakilai, 109 a ta Dattawa, kowa na iya dawowa gida ya rantse cewa shi bai yarda ba, kuma ba ka da abin da za ka ƙaryata shi da shi. Wannan ai cinikin biri a sama ne.

Bari in kama suna, don kada a ce ina kewaye-kewaye. Wakilinmu na mazaɓar Jibiya da Kaita, Honorabul Sada Soli, ba baƙon majalisa ba ne. Ya je a 2007, ya koma a 2019, aka sake zaɓensa a 2023. Kuma tsakani da Allah ba ya cikin 'yan ɗumama kujera. Yana magana, ya san ƙa'idar zaure, har takarar kujerar kakaki ya nema a 2023. Shi ya sa ma ya fi dacewa a yi wannan magana a kansa. Wanda bai taɓa buɗe baki ba, me za ka auna a wurinsa?

Ku tuna watan Nuwamba na 2019. Watanni kaɗan bayan gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta, hukumar kwastam ƙarƙashin Hameed Ali ta hana kai man fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Jibiya na ciki tsundum. Sada Soli ya tashi a zauren majalisa ya kawo ƙudirin gaggawa, Majalisar Wakilai ta amince, ta nemi a janye dokar. Ya yi abin da ya kamata, kuma na yaba masa. To sai me ya biyo baya? Gidajen mai suka ci gaba da zama a rufe, 'yan bumburutu suka zama su ne gidan mai, mai babur da mai injin ban-ruwa da mai injin niƙa suka riƙa sayen lita da tsadar da mutumin cikin birnin Katsina bai san da ita ba. Har aka shiga 2023 majalisar tana sake roƙon a ɗage wannan doka ɗaya.

Abin da masu yaɗa bidiyo ba sa faɗa wa mutane shi ne, irin wannan ƙudirin shawara ce kawai. Ba doka ba ce, ba ya tilasta wa kowace hukuma komai. Inda majalisa ke da haƙori shi ne wajen yin doka, da amincewa da kasafin kuɗin hukuma, da kiran shugabanta ya zo ya yi bayani. A shekarun da aka hana mu mai, kasafin kuɗi bai fasa wucewa ta gaban majalisar ba ko sau ɗaya. Wa ya ce ba zai sa hannu ba sai an saki garuruwan iyaka? Wa ya yi shiru? Duk ihu ya haɗiye amsar.

Haka batun iyakar kanta. A Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, aka bar Jibiya a rufe sai Afrilun 2022. Wata goma sha shida muna kallon Illela da Maigatari suna kasuwanci, mu muna ƙirga shingayen bincike tsakanin Katsina da Magama. A cikin wannan tsakanin ne, a Agustan 2021, motar kwastam ta afka wa jama'a a cikin garin Jibiya aka rasa rayuka. A Satumbar shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da tamu. Ba mu gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame iyaka, aka yanke wa Nijar wuta, sai a Maris na 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗewa.

Mutumin Abuja yana jin "iyaka" ya ɗauka layi ne a taswira. Mu a nan Ɗan Issa da Maraɗi gidan kawu ne da gidan surukai. Kasuwarmu da su take ci. Da aka fara maganar tura sojoji Nijar, mu ne za mu fara jin ƙarar bindiga, 'yan uwanmu ne za a harba. Ranar 5 ga Agustan 2023 Majalisar Dattawa ta shiga zaman sirri, ta fito Akpabio ya karanta matsaya cewa a bi hanyar sulhu. Alhamdu lillahi da wannan matsaya. Amma batun yaƙi a ƙofar gidanmu, a ce ba mu da takardar da ke nuna abin da kowane sanata ya zaɓa, har da namu na Katsina ta Tsakiya? Haba jama'a.

Wani zai ce ai haka tsarin yake, ba laifin mutum ɗaya ba ne. Gaskiya ne ba shi ya ƙirƙiro ba. Amma tsarin yana da ƙofa, kuma an taɓa buɗe ta mun gani. Ranar 15 ga Yulin 2021, da ake gardama kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Abaribe ya ƙi yarda da hukuncin murya, ya nemi a ƙirga. Aka riƙa kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi ya faɗi matsayinsa da bakinsa. Aka samu 52 da 28, wasu 28 ba sa nan. Washegari jaridu suka buga sunaye. Ranar ce 'yan Najeriya suka ga bambancin abin da wasu ke faɗa a gidan talabijin da abin da suke yi in an kira sunansu, har da waɗanda suka ɓace daga zaure daidai lokacin ƙirga. Mutum ɗaya ne ya tashi ya nema. Ke nan wanda ya san ƙa'idar zaure zai iya nema.

Masu cewa ƙirga mutum 360 ɓata lokaci ne, su tuna ranar 1 ga Maris 2022. A yini ɗaya majalisun biyu suka kaɗa ƙuri'a kan ƙudirori 68 na gyaran kundin tsarin mulki, da na'ura, kowa ya danna daga kujerarsa. Na'urar tana nan, da kuɗin talakawa aka saye ta. In ana so a yi amfani da ita, ana yi.

In ba a so kuma, ga misali. Ranar 20 ga Maris 2025 majalisun biyu suka amince da dokar ta-ɓaci a jihar Ribas. Sashe na 305 na kundin tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa, wato 240 a ta Wakilai, 73 a ta Dattawa. Da murya aka yi. Don Allah wane kunne ne ke iya bambance ihun mutum 240 da na mutum 200? Kada wani ya ce Ribas ta yi mana nisa. Jihar da ke fama da 'yan bindiga irin tamu ita ce ta fi kowa buƙatar a tsaya a ƙirga kafin a dakatar da zaɓaɓɓun shugabanni. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin dariya abin takaici, bayan wata biyu, a Mayun 2025, sai ga ƙudirin Kakakin Majalisa Abbas Tajuddeen na tilasta wa kowane baligi fita zaɓe, wanda ya ƙi a ci shi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Har ya tsallake karatu na biyu kafin surutun jama'a ya sa aka janye. Wato talakan Gurbin Ɓaure da ke tsoron hanya saboda 'yan bindiga a ɗaure shi in bai jefa ƙuri'a ba, amma wanda ake biya albashi da alawus don ya jefa ƙuri'a a madadinsa, ba a ma rubuta ko ya jefa.

A Amurka, kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ke zaure sun isa su sa a rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa, kuma duk mai waya zai iya dubawa a intanet. A Ingila tashi suke yi su bi ta ƙofa biyu, ta eh da ta a'a, ana rubuta suna. Tsarin shugaban ƙasa daga Amurka muka kwaso shi. Mun ɗauko jerin gwanon motoci, mun bar rajistar.

Akwai wuri ɗaya da kowa ya san matsayin wakilinmu ba tare da tambaya ba: ƙudirin dokar albarkatun ruwa. A matsayinsa na shugaban kwamitin ruwa ya tsaya a kansa, aka janye shi a Satumbar 2020, ya sake kawo shi a Yunin 2022, ya sha suka daga Binuwai da kudancin ƙasar, har Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a Yunin 2023. Ko kana son ƙudirin ko ba ka so, ka san inda mutumin ya tsaya, don sunansa na jiki. Irin wannan fayyacewar nake nema a kan abin da ya shafi cikinmu kai tsaye: iyaka, mai, shingaye, kuɗin tsaro, dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, da kuma abin da ake ware wa madatsar ruwan Jibiya da noman rani a kasafin kowace shekara.

Na san amsar da za a ba ni: ai ya yi rijiyoyin burtsatse, ya raba kekunan ɗinki, ya samar wa yara aiki. Wanda ya samu, Allah ya sa albarka. Amma ku yi lissafi da kanku. Doka ɗaya ta hana mai, ko wata ɗaya na rufe iyaka, ta cinye wa garin nan abin da rabon kaya na shekara huɗu ba zai mayar ba. Kujerar ta yin doka ce da sa ido kan gwamnati. In muka auna ta da buhun shinkafa, buhun shinkafa za a yi ta ba mu.

Ga abin da nake nema, kuma ba daga Sada Soli kaɗai ba, har da Sanata Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa da ɗan majalisarmu na jiha:

1. Duk wata uku a fitar da jerin manyan ƙudirorin da aka yanke, da abin da wakilinmu ya zaɓa a kan kowanne, da ranakun da bai halarta ba. A rubuta da Hausa a shafinsa, a karanta a rediyo.

2. Duk ranar da batun iyaka, ko tsaro, ko haraji, ko dokar ta-ɓaci ya zo zaure, ya tashi ya nemi a ƙirga. In an hana shi, mu gani a bidiyo cewa ya nema. Wannan bidiyon ni da kaina zan yaɗa shi.

3. Kowane ƙudiri da ya kawo, bayan wata shida a faɗa mana inda ya kwana: wace hukuma aka kira, me ta ce, me ya canja a Magama.

4. Duk mai neman wannan kujera a 2027, ko daga wace jam'iyya, ya yi wannan alkawari a bainar jama'a tun kafin ya nemi ƙuri'armu.

Babu ɗaya a cikin huɗun nan da ke buƙatar kwangila ko izinin gwamna. Wanda ya tsaya tare da mu ba ya asarar komai in an buga, riba ma zai ci. Wanda ya ji haushin wannan buƙata, to shi ya san dalilinsa.

Ku kuma matasa masu ɗora bidiyo, ban raina ƙoƙarinku ba, na san wasunku abin sayen data ake ba su, wasu kuma ƙauna ce tsakani da Allah. In an turo muku na gaba, ku tambayi wanda ya turo: ranar da aka yanke, me oga ya zaɓa? In ya ba ku amsa da hujja, ku ɗora tare da bidiyon. Mu ranar zaɓe layi muke bi cikin rana, a duba katinmu, a duba yatsanmu, a ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Wanda muka aika shi ma a ƙirga shi.

Mai hujja ya kawo a ƙasa, zan karanta. Mai zagi kuma na yafe tun yanzu. Allah ya zaunar da Jibiya da Kaita lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta 'yan bindiga, ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa. Amin.