BINDIGA A ƘARƘASHIN MATASHIN KAI: WA ZA TA KARE, WA ZA TA KASHE?

Duk wanda ya saba da littattafanmu na Hausa ya san wannan fitowar: dare ya tsala, ɓarayi sun hauro katanga, Alhaji ya zura hannu ƙarƙashin matashin kai ya zaro 'yar ƙaramar bindiga, kafin ka ce kwabo ya zubar da uku, na huɗun ya ranta a na kare, amarya kuwa ta ƙanƙame shi tana kuka. A takarda abin da daɗin karantawa. Abin takaicin shi ne, an wayi gari manyanmu suna son su mayar da wannan tatsuniya ta zama tsarin tsaron ƙasa.

A watan Maris na 2018, Janar T. Y. Ɗanjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. A watan Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya shawarci mutanen Katsina su nemi makami. A watan Yunin 2022 kuma gwamnatin Bello Matawalle ta ba mutanen Zamfara umarnin su mallaki bindiga, har ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar. Ba a je ko'ina ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. To talaka wa zai bi? Duk masu wannan magana suna kwana ne da sojoji da 'yan sanda a ƙofar gida, kai kuma da ka zaɓe su, suna ce maka ka ji da kanka.

Kada a yi mani mummunar fahimta. Mutumin da aka ɗauke masa mata da 'ya'ya, aka kore masa shanu, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, wallahi ba wanda ya isa ya zarge shi don ya yi tunanin ajiye makami. Addini ya ba shi damar kare ransa da iyalinsa, sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ma ya san da haka. Amma wannan kundin dai, a sashe na 14, shi ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati. Shugaban da ya ce ka sayi bindiga, ya gaya maka ne a fakaice cewa ya ajiye aikin da aka ɗauke shi ya yi, alhali bai ajiye albashi da kuɗin tsaron da yake karɓa ba.

Sannan mu tambayi kanmu, wace bindigar? Dokar makamai ta 1959 ta raba su kashi-kashi. Irin ta yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da ita babu izini kuwa ɗaurin da doka ta tanada ba ya gaza shekara 10. Abin da hannun manomi zai kai gare shi bai wuce bindigar toka ba, wadda in ka harba sau ɗaya sai ka tsaya ɗuri. Su kuwa masu zuwa, kan babura suke tahowa gwammai, goyon biyu-biyu da uku-uku, kowa da AK-47 a kafaɗa. Harbi ɗaya daga tagarka ya isa ya sa su banka wa gidan wuta da duk wanda ke ciki.

Mun kuma ga inda makami a hannun kowa ya kai mu. A watan Afrilun 2014, a 'Yargaladima ta Ƙaramar Hukumar Maru, 'yan bindiga suka far wa taron 'yan banga da jama'ar gari, aka kashe mutum fiye da 100. A watan Oktoban 2021, 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Jihar Sakkwato ba tare da wani alƙali ya saurare su ba, kwanaki kaɗan bayan haka aka buɗe wa kasuwar Goronyo wuta, rayuka fiye da 40 suka salwanta. Waɗanda suka mutu a Goronyo cefane suka je yi. Ana maganin ƙaba kai na kumbura ke nan.

Yanzu mu shigo cikin gida, inda maganar ta fi ciwo. Ɓarawo yana iya zuwa sau ɗaya, yana iya ƙin zuwa har abada. Makamin kuwa kullum yana nan tare da ku, ranar daɗi da ranar ɓacin rai. Yana nan ranar da kishiyoyi suka kaure da faɗa, yana nan ranar da yaro ɗan shekara bakwai ya ɗaga katifa yana neman abin wasa, yana nan ranar da saurayin gidan ya dawo a buge, yana nan daren da maigida ya ji motsi a zaure ya harba, sai da aka haska fitila aka ga ƙanensa ne. A Amurka, inda bindiga ta zama kamar kayan ɗaki, wani bincike da likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 ya nuna cewa gidan da ke da bindiga ya kusa ninka wanda ba shi da ita sau uku wajen haɗarin a kashe wani a cikinsa, kuma galibi ɗan gida ne ko makusanci ke kisan. A 2021 mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a can, fiye da rabinsu su suka harbe kansu.

Wuƙa ma haka take, ko ta fi. Wanda zai kare kansa da wuƙa sai ya bari maharin ya matso har su ji numfashin juna, in aka fi shi ƙarfi kuma da ita za a soke shi. Sau nawa muka ji labarin mata da miji da saɓanin minti biyar ya kai ɗaya kabari, ɗaya kurkuku, 'ya'ya suka zama marayu? Yaran da ke ƙwacen waya a titunan Kano, da yawansu da sunan kare kai suka fara soke wuƙa a ƙugu.

To mene ne mafita? Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. In har dole ne jama'a su riƙe makami, to a riƙe shi a ƙarƙashin hukuma, da rajista, da horo, da albashi, da wanda za a tuhuma in an yi ba daidai ba. Wannan ne tunanin da ya haifar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024, kuma su ma wajibi ne a sa masu ido kada su rikiɗe su koma 'yan sa-kai masu kaki. A unguwa kuma a gyara ƙofa, a sa fitila, a san baƙon da ya sauka, a daina rufa wa mai kai rahoto asiri don ɗan'uwa ne. Sama da duka, a tsare gwamna da ɗan majalisa da tambaya: ina kuɗin tsaro?

Ku kuma 'yan'uwana marubuta, in za ku ba jaruminku bindiga, ku daure ku rubuta mana babin da ke biye, na zaman makoki da zaman kotu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya shiryi shugabanninmu, amin.