Sharhi: Arzikin Nijar na ƙarƙashin hamada, ƙofar fitar da shi na hannun maƙwabta

Tun daga ranar 26 ga Yulin 2023 da sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, babu kalmar da ta fi yawo a bakin mahukuntan Yamai kamar 'yancin kai. Sojojin Faransa sun tattara nasu ya-nasu a Disambar 2023, na Amurka suka bi sahu a 2024, ƙasar kuma ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Waɗannan matakai sun faranta ran matasa da dama a ciki da wajen ƙasar. Sai dai akwai abin da juyin mulki ba ya iya sauyawa, wato taswira. Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma kusan duk abin da za ta sayar ko ta saya sai ya ratsa ƙasar wani.

Inda jama'a suke da inda ma'adinai suke

Faɗin Nijar ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.27, ya zarce na Najeriya nesa ba kusa ba, amma kimanin kashi 80 cikin 100 hamada ce. Mutanenta sama da miliyan 25 galibinsu sun taru ne a wani siririn zirin ƙasa a kudu, daga kwarin kogin Kwara a Tillaberi da Dosso, ta Tawa da Maraɗi da Damagaram, har zuwa Diffa. Wajen mutum takwas cikin goma na dogaro da noma da kiwo: gero, dawa, wake, albasar Galmi, da dabbobi. Kusan rabin al'ummar ba su kai shekara 15 ba.

Ma'adinan kuwa suna can nesa da jama'a. Yuraniyom na Arlit ne a arewa, inda kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971. Man fetur na Agadem ne a gabas, cikin yashi. Bayan fiye da shekara hamsin ana fitar da yuraniyom zuwa tashoshin lantarkin Turai, Nijar na nan a sahun ƙarshe na jadawalin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma mafi yawan ƙauyukanta ba su san wutar lantarki ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wannan ne ya sa jama'a suka yi na'am lokacin da gwamnati ta ƙwace lasisin Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, sannan ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025.

Darasin takunkumi

Mallakar ma'adini mataki ɗaya ne; kai shi kasuwa shi ne babban aikin. Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba kwanaki huɗu bayan juyin mulkin ya fito da wannan fili. Najeriya, wadda ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar a lokacin, ta katse wuta. Benin ta rufe gadar Malanbil da ke haɗe da Gaya, motocin kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka yi jerin gwano ba gaba ba baya. Farashin shinkafa da magani ya yi tashin gwauron zabi, kuma talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya fi ɗanɗana kuɗarsa.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Yamai ta bar iyakarta da Benin a rufe, tana zargin maƙwabciyar tata da ba sojojin Faransa mafaka, zargin da Benin ta musanta. Kaya suka koma bin tashar Lome ta Togo, su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, ta yankunan da masu iƙirarin jihadi ke kai hare-hare. Hanyar ta fi nisa, ta fi haɗari, kuma ƙarin kuɗin yana ƙarewa ne a kan mai sayen mudun shinkafa a kasuwa.

Bututun mai ya ƙara nuna irin wannan ƙulli. Kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa shi na tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, domin fitar da ganga 90,000 a rana. Kafin nan, abin da ake haƙowa bai wuce ganga 20,000 da matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa tun 2011 ba. A watan Mayun 2024 Benin ta hana lodin man na ɗan lokaci, tana neman a buɗe iyaka, sai da Sin ta shiga tsakani. A watan Yuni kuma 'yan tawaye suka fasa wani sashe na bututun. Babbar hanyar samun kuɗin shiga ta ƙasar ta zama tana rataye ne da yardar maƙwabciyar da ake takun-saƙa da ita, da kuma tsaron dubban kilomitoci na daji.

Ƙawayen da ba su da teku

Ƙawancen AES da Nijar ta kafa da Mali da Burkina Faso a Satumban 2023 yana da ma'ana ta fuskar tsaro, domin abokan gabarsu ɗaya ne. Ta fuskar kasuwanci kuwa, ƙasashen uku duk a kulle suke a doron ƙasa. Rasha da Turkiyya na iya kawo makamai da jirage marasa matuƙa, amma ba za su sayi albasar Galmi ko ragunan Tawa ba. Masu sayensu na Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari, a kan iyaka mai tsawon fiye da kilomita 1,500 wadda ta raba dangi masu harshe ɗaya. Layin dogon da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi zai iya zama wata sabuwar ƙofa, muddin gwamnatocin biyu suka daina kallon juna da zargi.

Abin da ke hannun ƙasar

Akwai ɓangaren da Nijar ba ta buƙatar izinin kowa. Madatsar ruwa ta Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008 domin samar da megawat 130 da noman rani, ta sha jinkiri shekara da shekaru. Ga kuma rana mai ƙuna da za ta iya zama lantarki. Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna hanya: tun daga shekarun 1980 suka fara barin gawo da sauran itatuwa su tsiro a gonakinsu, har suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ba tare da wani babban jari ba. Ambaliyar 2024, da ta kashe mutum sama da 300 ta kuma rushe tsohon masallacin Damagaram, ta nuna cewa ruwan da ake kuka da rashinsa yana zuwa ya wuce ba a tare shi ba.

A Maris na 2025 an rantsar da Janar Tiani na wa'adin shekara biyar. Matasan da suka cika titunan Yamai suna goyon bayansa za su auna waɗannan shekaru da farashin buhun gero, da sa'o'in da wuta ke zama, da kuma inda kuɗin mai ke shiga. Biyu daga cikin ukun nan sun dogara ne da yadda Yamai za ta zauna da Kwatano da Abuja.