Uwargida, Kai Yara Su Ga Birninsu



A hutun da ya wuce 'yar yayata ta zo mana daga Legas. Muna wucewa a keke napep sai ta hango Gobarau, ta tambayi ɗana, "Yaya, wancan dogon ginin ƙasar na mene ne?" Yaron da aka haifa a Katsina ya yi shiru, can ya ce wai tsohon gida ne. Wallahi kunya ta rufe ni, domin laifin nawa ne. Ya san sunayen 'yan ƙwallon Ingila, amma ban taɓa kai shi gindin hasumiyar garinsu ba.

Washegari na shirya su muka fita. Mun fara da Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15, wanda ya haura shekara 500 a tsaye. Na bayyana musu cewa ragowar babban masallacin gari ce, kuma cibiyar karatu a zamanin da ɗalibai ke takowa Katsina daga nesa. A wannan gari Wali Ɗan Marina ya yi zamani, haka Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, ga unguwar Masanawa nan har yau.

Daga nan muka bi ta Ƙofar Soro suka ga fadar Sarki, ina lissafa musu ƙofofin ganuwa: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar 'Yanɗaka. Ganuwar kuwa ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da gine-gine sun cinye mafi yawanta. Abin da yaro bai gani yau ba, ƙila ɗansa sai dai a hoto.

Muka ƙarasa gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A waɗannan ɗakunan ƙasa Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ɗana ya daɗe yana shafa bangon, ya ce, "Umma, a nan Firayim Minista ya zauna?"

Da muka dawo gida ban dafa indomi ba. Na kai su wurin kakarsu ta dama musu fura da nono a ƙwarya, muka yi dambu da zogale, ta nuna wa 'yan matan yadda ake murza alkaki. Girki ma gado ne, idan tsofaffinmu suka tafi da shi ba mai dawo mana da shi.

Uwargida, wannan fita ba ta cin kuɗi da yawa. Ki nemi izinin maigida, in da hali ku tafi tare, a fita da safe kafin rana ta take, a riƙe ruwan sha. Ki ce kowane yaro ya rubuta abu uku da ya gani, da daddare ya karanta wa babansa. 'Yan uwa na Kano, Zariya, Daura da Sakkwato, ku ma kuna da naku a ƙofar gida.

Allah Ya raya mana zuriya. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.