Sabon Faifai da Tsohon Kunne

Gabatarwa

Duk lokacin da makaɗi mai farin jini ya fitar da sabon faifai, masoyansa sukan rabu gida biyu tun kafin a kwana uku. Kashi na farko su ce gwanin nasu ya ƙara gaba, kashi na biyu kuwa su rantse cewa ya lalace, ya saki hanyar da aka san shi a kanta. Ana wannan gardama a Ingila, ana yin ta a Yamai, ana kuma yin ta a tashar motar Kawo da ke Kaduna. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta duba gardamar, ta kuma nuna cewa mafi yawan laifin da ake ɗora wa sabon faifai laifin kunnen mai sauraro ne, sa'an nan sassan Hausa na jami'o'i suna da hannu a cikin wannan rauni na kunne.

Kiɗan da Ba Shi da Waƙa

Za a fi ganin wannan al'amari sosai idan aka ɗauki irin kiɗan da Turawa suke kira post-rock, watau kiɗan da ya biyo bayan kiɗan rok. Wani mai sharhi ɗan Ingila, Simon Reynolds, shi ya yaɗa sunan a 1994. Makaɗan wannan salo suna amfani da jita da ganguna irin na rok, amma sau da yawa ba sa rera komai. Kiɗa ɗaya yakan kai minti goma ko ashirin, ya fara a hankali kamar yayyafi, ya yi ta hauhawa har ya cika ɗaki, sa'an nan ya lafa. Tun da babu baitin da mai sauraro zai riƙe, dole ya yi hukunci da abin da kunnensa ya ji.

Tarihin salon ma da gardamar masoya ya fara. Ƙungiyar Talk Talk ta Ingila ta yi suna da waƙoƙin rawa masu sauƙin shiga kunne, faifanta na 1986 ya sami kasuwa ƙwarai. A 1988 sai ta fitar da Spirit of Eden, faifai mai dogayen kaɗe-kaɗe da yawan shiru a tsakani. Kamfanin EMI bai ji daɗinsa ba, cinikinsa kuma bai kai na baya ba. A yau wannan faifai ne masana suke ƙirgawa cikin tushen salon baki ɗaya. Kafin wannan, a 1965, wasu daga cikin masoyan Bob Dylan sun yi masa ihu a bikin Newport na Amurka saboda ya ɗauki jita mai aiki da lantarki. Su ma makaɗan Mogwai na Glasgow, waɗanda suka haɗu a 1995, sai a 2021 faifansu na goma ya hau matsayi na ɗaya a cinikin faya-fayai na Birtaniya. Ashe dai hukuncin makon farko ba shi ne hukuncin ƙarshe ba.

Kotun Tashar Kawo

A ƙasar Hausa ba a cika yin sharhin faifai a jarida ba. Wuraren da ake yanke hukunci su ne majalisar mai shayi, da shagon tela, da tashar mota. Kawo kuwa ita ce ƙofar Kaduna ta arewa, daga nan motocin Zariya da Kano da Katsina suke tashi. A shekarun da kaset yake tashe, masu sayar da shi sukan jera hajarsu a bakin tasha, su saki sauti domin jawo mai saye. A yau aikin ya koma hannun samari masu tura waƙoƙi a waya. Waƙar da direba ya sa daga Kawo, fasinja goma sha za su ji ta har Kwanar Dangora, ko suna so ko ba sa so, kuma kowa zai faɗi albarkacin bakinsa. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 garin ya zama wurin da kunnen Arewa yake haɗuwa da sabon sauti.

Wannan kotu ta sha yanke hukunci mai tsanani. Da Bala Miller ya zo da ƙungiyarsa mai jita da ƙahonin Turawa a shekarun 1970, yana waƙa da Hausa, kunnen da ya saba da kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗanmaraya Jos ya ɗauki lokaci kafin ya yarda cewa wannan ma kiɗan gida ne. Da kiɗan fiyano ya mamaye finafinan Hausa, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, manya suka raɗa wa waƙoƙin suna nanaye, watau waƙar 'yan mata a dandali. Abin mamaki shi ne, yaran da suka tashi da nanaye, waɗanda aka yi wa dariya a lokacin, su ne yau suke cewa waƙar yaran zamani ba ta da ma'ana, a koma wa irin ta da. Kowane zamani yana kiran kiɗan ƙuruciyarsa na asali. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma sau da yawa abin da mai sauraro yake kuka a kai ƙuruciyarsa ce da ta wuce, sai ya ɗora wa makaɗi laifin.

Misalin Mdou Moctar

Babu wanda tarihinsa ya fi bayyana wannan magana kamar Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Abzinawa daga Jamhuriyar Nijar. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da na'urar gyaran murya da gangar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin hannu ya yaɗu a Sahara. Daga baya ya koma jita mai ƙara da ganguna na hannu, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli na 2023 ya rutsa da shi da abokan kiɗansa a Amurka, a can suka sake ɗaukar waƙoƙin faifan nan na ƙarshe da kayan kiɗa masu sanyi, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice.

To, wanne ne Mdou Moctar na asali? Wanda ya fara jin sa a wayar hannu zai ce na Sakkwato. Baturen da ya fara ganin sa a dandalin wasa zai ce mai ƙarar jita. Wanda ya san zaman hira a Agadas zai ce mai sanyin. Dukkansu sun faɗi gaskiya game da ranar da suka fara jin sa, amma babu wanda ya faɗi gaskiya game da makaɗin. Da ya saurari kashi na farko ya tsaya a 2008, da sauran ba su taɓa jin sunansa ba.

Inda Masu Suka Suke da Gaskiya

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce duk mai ƙin sabon faifai jahili ne. Makaɗin Hausa tun asali da jama'arsa yake rayuwa: da kyautar ubangida, da ihun 'yan kallo, da kuɗin mai biki. Wanda ya ciyar da makaɗi yana da ikon ya ce abincin bai yi gishiri ba. Bugu da ƙari, ba kowane sauyi ne ci gaba ba. Akwai sauyin da makaɗi yake yi domin yana neman wani abu da bai samu ba tukuna, akwai kuma wanda yake yi domin ya ga abin da kasuwar Legas ko ta Indiya take saye. Idan mai fiyano ya ɗauko karin waƙar wani harshe ya cusa kalmomin Hausa a ciki da ƙarfi, har doguwar gaɓa ta gajarce, karin sautin kalma ya juye, to mai sauraron da ya ce Hausar ta karye ya yi nazari na ƙwarai, ko da bai taɓa shiga aji ba. Matsalar ita ce irin wannan suka mai hujja ba ta da yawa. Abin da aka fi ji shi ne "ba daɗi" ko "ba kamar da ba", kuma waɗannan ba sa amfanar makaɗi, ba sa kuma amfanar mai sauraro.

Hannun Sashen Hausa

A nan ne maganar ta dawo gida. An yi aiki mai yawa a kan waƙar baka, tun daga binciken Ɗandatti Abdulƙadir a kan Shata a 1975 har zuwa littattafan Sa'idu Muhammad Gusau. Amma duk wanda ya buɗe kundayen ɗalibai zai ga inda ƙarfin yake tafiya: turke, da warwarar turke, da salon sarrafa harshe. Kiɗa kuwa sai a ba shi shafi ɗaya, a jera sunayen kayan, a wuce. Ɗalibi yakan rubuta waƙa a takarda, ya yi nazarinta kamar rubutacciya, alhali rabin abin da ya sa jama'a suka so ta yana cikin ganga. Littafin Ames da King na 1971, wanda ya tattara kalmomin kiɗan Hausa da muhallinsu, ya haura shekara hamsin, kuma har yanzu ɗalibai kaɗan ne suke ɗora wani abu a kansa.

Abin takaici shi ne Bahaushe ya san kiɗa marar waƙa tun kafin a haifi kakannin makaɗan Glasgow. Ɗan dambe yakan ji takensa a ganga tsikar jikinsa ta tashi, ba a furta kalma ko ɗaya ba. Tambari da kakaki suna sanar da fitowar sarki. Gangar noma tana ƙara wa mai garma ƙarfi a gayya. Kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar murya har a gane wanda yake kira. A bori ma kowane iska yana da nasa kiɗan a goge ko garaya. Saboda haka idan ƙungiyar Godspeed You! Black Emperor ta Kanada ta fitar da faifai a 2024 wanda babu rerawa a cikinsa, ta sa adadin mutanen da aka kashe a Gaza, 28,340, a cikin sunansa, ta bar jita da goge su yi makoki, bai kamata jikan masu take ya tambaya ina waƙar take ba. Ya fi kowa cancantar ya gane abin da ake faɗi.

Kammalawa

Masoyi yana da haƙƙin ya ƙi sabon faifai, amma ba shi da haƙƙin ya ɗaure makaɗi a jikin faifan jiya. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya saurara fiye da sau ɗaya, sa'an nan ya faɗi abin da ya ji da sunansa: ganga ce ta yi sauri, ko amshi ne ya yi rauni, ko kari ne ya danne harshe. Wannan kuwa ba zai samu ba sai an koyar da shi. Ya kamata sassan Hausa su sa darasin sauraro a cikin nazarin waƙar baka, a kawo makaɗa cikin aji da kayansu, a kuma tura ɗalibai tashoshi irin na Kawo su rubuto kalmomin da direbobi da fasinja suke yabon kiɗa ko kushe shi da su, domin a can ne ƙamus ɗin wannan fanni yake. Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma mai rawa ba zai sauya taku ba sai ya fara jin cewa kiɗan ya sauya, ya kuma san ta ina.