Abin da cikin kiril ke faɗa game da makomar tekun Antaktika

A farkon watan Agustan 2025 aka umarci jiragen da ke kamun kiril a tekun Antaktika da su naɗe komarsu, saura wata huɗu kakar kamun ta ƙare. Dalili shi ne sun cika tan 620,000, iyakar da hukumar kare halittun tekun Antaktika, CCAMLR, ta gindaya tun 1991. Ba a taɓa kai wa wannan adadi ba sai a wannan karon.

Kiril wani ɗan ƙaramin jatan lande ne da tsawonsa bai wuce santimita shida ba, nauyinsa kuma da ƙyar yake kai giram biyu. Amma idan aka haɗa nauyin dukkan waɗanda ke tekun kudancin duniya, masana na ƙiyasta tan miliyan 300 zuwa 500. Da shi kifin whale ke rayuwa, haka tsuntsayen fenguwin da kifaye da dama. Masu kamun na cewa abin da suke ɗiba bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma a lissafi gaskiya suka faɗa. Sai dai lissafin tan ba ya nuna ko halittar za ta ci gaba da samun abin da cikinta zai iya narkarwa, a lokacin da jikinta ya shirya karɓarsa. A nan ne masu bincike da dama ke ganin matsalar take.

Ƙundu da hanta a jikin da bai kai ɗan yatsa ba

Babban abincin kiril a lokacin zafi wata irin gansakuka ce ta ruwa mai suna dayatom, wadda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana cikin ɓawo na silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Kiril na haɗa ƙafafunsa na gaba su zama kamar rariya, ya tace ruwa, ya tura abin da ya maƙale zuwa baki. A cikin tumbinsa akwai wasu haƙora masu aiki irin na ƙundun kaza, su ke farfasa ɓawon. Daga nan ruwan abincin ke wucewa zuwa wata gaɓa mai yin aikin hanta da na hanji a haɗe. Da yake jikin kiril garau yake, ana iya hango wannan gaɓa ta yi kore shar idan ya ƙoshi, ta koɗe idan yunwa ta daɗe. Masu bincike a jiragen ruwa kan duba launinta da girmanta su gane irin makonnin da halittar ta yi.

A cikin wannan gaɓa ake samar da enzayim, wato sinadaran da ke narkar da abinci. Akwai masu yanka furotin, dangin wanda ake kira tirifsin a cikin ɗan Adam. Akwai masu narkar da kitse, da mai warware irin sitacin da dayatom ke ajiyewa, da kuma mai narkar da ɓawon ƙananan halittun da kiril ke farauta idan gansakuka ta yi ƙaranci. Abin da ya bambanta su shi ne sanyin da suke aiki a ciki. Ruwan teku na daskarewa a kusan digiri 1.8 ƙasa da sifili, yanayin da enzayim ɗin dabbobi masu ɗumin jini ke kusan tsayawa cik. Na kiril suna da sassaucin gini da ke ba su damar aiki da sauri a wannan sanyi, kuma suna aiki tare ba tare da sun cinye juna ba. Ƙarfinsu ya sa tun shekarun 1980 likitoci a Turai suka gwada su wajen wanke ruɓaɓɓen nama daga gyambo.

Wannan ƙarfi ne kuma ya tsara yadda sana'ar kamun kiril take. Da zarar halittar ta mutu, enzayim ɗin sai su juya kan jikinta, cikin 'yan sa'o'i ta zama kunu, sinadarin fuloraid da ke ɓawonta kuma ya shiga cikin tsoka. Tarayyar Soviet, wadda ta jagoranci kamun har ya haura tan 500,000 a 1982, ta sha fama da wannan matsala a ƙoƙarinta na mayar da kiril abincin jama'a. Shi ya sa jiragen yau masana'antu ne masu yawo a kan ruwa, suna zuƙo kiril da bututu suna sarrafa shi nan take ya zama gari da mai. Garin na tafiya gonakin kiwon kifin salmon da abincin karnuka da kyanwoyi, man kuma a zuba shi a ƙwayoyin omega-3 da ke kantunan magani daga London zuwa Jidda. Ƙananan masunta ba su da wuri a wannan harka. Kamfanonin Norway ne kan gaba, sai na China da Koriya ta Kudu da Chile da Yukren.

Cikin da ke bin agogon rana

Hunturun Antaktika watanni ne na duhu, kuma babu gansakuka sai da haske. Babban kiril na tsallake wannan lokaci ta hanyar rage aikin jikinsa: numfashi ya ragu, ci ya ragu, enzayim ɗin ciki su lafa, ya koma kan kitsen da ya tara. Idan abin ya tsananta har ƙanƙancewa yake yi, yana saɓa ɓawo zuwa ƙarami yana cin naman jikinsa. A wani gwaji da aka wallafa a 1982, kiril ya yi kwana 211 ba abinci bai mutu ba.

Binciken da Bettina Meyer da abokan aikinta na Cibiyar Alfred Wegener da ke Bremerhaven a Jamus suka yi ya nuna cewa tsawon yini na cikin manyan abubuwan da ke kunna wannan sauyi. Kiril da aka ajiye a tanki cikin duhu irin na hunturu ya rage ci ko da an cika masa abinci. Tsari ne mai kyau muddin lokacin fitar gansakuka na tafiya daidai da lokacin da rana ke dawowa. Ɗumamar yanayi ba ta taɓa tsawon yini, amma tana sauya ranar da ƙanƙara ke narkewa, wadda ita ke buɗe ƙofar yaɗuwar gansakuka. Manomin da ke shuka bisa lissafin taurari alhali damina ta sauya lokacinta ya san irin wannan asara.

'Ya'yan kiril ba su da wannan juriya. Ba su da kitsen ajiya, cikinsu ba ya hutawa, dole su ci a duk tsawon hunturunsu na farko. Ƙarƙashin ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan teku nan ne mafakarsu, suna kankarar gansakukar da ke manne da ita. A watan Fabrairun 2023 faɗin wannan ƙanƙara ya sauka zuwa murabba'in kilomita miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta tun da tauraron ɗan Adam ya fara aunawa a 1979, kuma a Satumbar shekarar, lokacin da take cika, ba ta kai miliyan 17 ba. Wani nazari da Angus Atkinson ya jagoranta a 2019 ya gano cewa cibiyar yawan kiril a kudu maso yammacin Atlantika ta matsa kudu da kimanin kilomita 440 cikin shekara 90. Masana na jayayya kan ko jimillar kiril ta ragu da kuma yawan raguwar, amma ƙaurar zuwa wuri mafi sanyi ta dace da abin da aka sani game da jikinsa: girmansa ya fi kyau a ruwan da bai wuce digiri ɗaya ba, yana kuma ja da baya idan zafin ya kai uku zuwa huɗu, domin jiki na ƙona abinci fiye da yadda ciki ke iya samarwa.

Abincin ma kansa na sauyawa. A yammacin zirin Antaktika, inda ruwan narkakkiyar ƙanƙara ke tsarma gishirin teku, an ga wasu ƙananan nau'o'in gansakuka na maye gurbin dayatom, kuma rariyar kiril ba ta kama su sosai. A mashigin Potter da ke tsibirin King George, masu bincike sun riƙa tarar da matattun kiril zube a gaɓa, cikinsu cike da laka da ɓarɓashin dutsen da tsaunukan ƙanƙara masu narkewa ke zubowa. Halitta mai tace ruwa ba ta da zaɓi sosai kan abin da ke shiga bakinta. Wannan ya shafi roba ma. A 2018 Amanda Dawson ta Jami'ar Griffith a Ostireliya ta ciyar da kiril ƙwayoyin roba masu faɗin kusan maikuron 31, ta tarar ƙundun nan ya niƙe su zuwa ƙasa da maikuron ɗaya, ƙanƙantar da ta isa su kutsa cikin gaɓar narkar da abinci.

Abin da ke fita ta ɗaya ƙarshen

Kiril maci ne mai ɓarna. Idan abinci ya yawaita, yana ci fiye da yadda yake narkarwa, sai kashinsa ya fita ɗauke da kabon da gansakuka ta zuƙo daga iska. Kashin dunƙulalle ne mai nauyi, yana nutsewa ɗaruruwan mitoci a yini. Emma Cavan ta Kwalejin Imperial a London da abokan aikinta sun ƙiyasta a 2024 cewa ta wannan hanya kiril na binne kimanin tan miliyan 20 na kabon a ƙarƙashin teku kowace shekara. Wani binciken a kusa da tsibirin South Georgia ya nuna cewa ruwan cikinsa na narkar da sinadarin ƙarfe daga ɓarɓashin dutse, ya mayar da shi taki ga gansakuka a tekun da ƙarancin ƙarfe ke takure tsiro. Kifin whale da ke cin kiril na maido da wani kason ƙarfen saman ruwa ta kashinsa. Cikin waɗannan kifaye har da masu doro da ke zuwa haihuwa a mashigin tekun Guinea, daga gaɓar Gabon da Kamaru zuwa Ghana, da kitsen da suka tara a Antaktika.

Duk wannan ya sa wurin da ake kamun ya fi yawan abin da ake kamawa muhimmanci. Daga 2009 akwai ƙa'idar da ta raba tan 620,000 ɗin tsakanin yankuna, ta hana ɗibar fiye da kashi 25 cikin ɗari a kewayen zirin Antaktika, inda fenguwin ke kiwon 'ya'yansu. A taron CCAMLR na Oktoban 2024 a Hobart, mambobin 27, ciki har da Afirka ta Kudu da Namibiya, sun kasa sabunta ta, domin hukumar ba ta yanke shawara sai kowa ya amince. China da Rasha sun daɗe suna hana kafa sabbin yankunan kariya, ƙasashen da ke goyon bayan kariyar kuma ba sa son ƙarin adadin kamu ba tare da ita ba. Ƙa'idar ta faɗi, jiragen suka samu damar taruwa a inda suka ga dama, kuma kakar farko bayan haka ita ce ta ƙare a Agusta.

Zirin Antaktika na cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a kudancin duniya tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, shi ne matattarar haihuwar kiril, nan ne kuma jiragen suka fi so. Iyakar tan 620,000 an ɗauko ta ne daga tarihin kamun shekarun baya, tun kafin a san yadda hasken rana ke juya cikin kiril ko yawan kabon da kashinsa ke binnewa. Masana kimiyyar hukumar sun shafe shekaru suna tsara sabon tsarin da zai duba yawan 'ya'yan da ke tsira kowace shekara da buƙatun dabbobin da ke cin kiril a kowane yanki. Aiwatar da shi na jiran amincewar dukkan mambobin 27 a Hobart.