Kafin a saya wa ɗalibin injiniya kwamfuta

A nan Ruwan Bago, idan yaro ya samu gurbin karatun injiniya a Jami'ar Bayero ko ta Wudil, uba kan ɗebi buhunan masara, wani ma ɗan maraƙi, ya kai kasuwa don a sayi laftof. Daga nan sai Beirut Road a Kano, inda mai shago zai yaba abin da ke kan kantarsa. Wani yaron kuma Mac yake so don ta fi kyan gani. Ina jin takaicin wannan, domin kuɗin gumi ne.

Manhajar da yaro zai yi aiki da ita ce ya kamata ta zaɓa masa tsarin kwamfutar. Ɗauki mai karatun injiniyan ruwa, wanda wata rana zai iya aiki a madatsar Challawa da ke Karaye. In yana son ya gwada a kwamfuta inda ruwa zai bi idan an saki dam, da gonakin da zai shanye, HEC-RAS zai nema. Injiniyoyin sojan Amurka ne suka yi ta, kyauta ake saukewa, amma don Windows aka gina ta. Manhajar SolidWorks ma don Windows aka gina ta. Mai Mac sai ya koma aron ta abokinsa da daddare.

OpenFOAM kuwa, mai lissafin gudun ruwa da iska, gidanta Linux ne. Tun 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk Linux suke amfani da shi, don haka koyonsa ba ɓata lokaci ba ne. Ba sai an sayi na'ura biyu ba, ana iya kunna Linux a cikin Windows ta hanyar WSL.

A kula da laftof na gwanjo. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin laftof da yawa kuma ba sa ɗaukar Windows 11. Da wuya mai shago ya faɗa maka wannan in ba ka tambaya ba.

Roƙona ga shugabannin sassan injiniya: ku haɗa wa sabon ɗalibi jerin manhajojin da zai buƙata tun daga takardar ɗaukarsa, kafin uba ya taɓa rumbunsa.